Sakan biyu na shiru a kan faifan CD

Ƴan kwanakin baya ina kakkaɓe wata tsohuwar akwati a gida, sai na ci karo da faifan wasa da na kwafa da hannuna shekaru da dama da suka wuce. Na tuna yadda ya ba ni haushi a lokacin: wasan na tafiya, amma kiɗan ba ya zuwa daidai, wani lokaci sai ƙarshen waƙar baya ya shigo kafin wadda ake jira. Na zargi faifan, na zargi na'urar. Ashe laifin nawa ne, kuma asalinsa yana cikin tarihin faifan kansa.

A 1980 kamfanonin Philips da Sony suka tsara ƙa'idar CD domin kiɗa kawai. Sun raba kowane sakan gida 75, shi ya sa ake rubuta wuri a kan faifai da minti, sakan, da yanki. Daga baya aka fito da CD-ROM na ajiye bayanan kwamfuta. Masu ƙera wasanni suka haɗa biyun a faifai guda: sashe na farko bayanan wasa, sauran sassan kiɗa. Haka aka yi a Mega-CD na Sega a 1991, da wasanni da yawa na PlayStation da ta fito a Japan a 1994. Wasan Quake na 1996 ma haka yake; in ka sa shi a rediyon CD ka tsallake sashe na farko, kiɗansa za ka ji.

To tsakanin bayanai da kiɗa, ƙa'ida ta ce a bar tazarar sakan biyu, wato yanki 150, domin na'ura ta sauya salon karatu. Nan gizo ke saƙa. In an ɗauko kwafin faifai, sau da yawa tazarar tana ciki tun farko. Ɗan fayil ɗin da ake kira CUE shi ke nuna haka: INDEX 00 farkon shirun da ke cikin kwafin, INDEX 01 farkon waƙar. PREGAP kuwa umarni ne a ƙirƙiro shirun da babu. Ni kuwa sai na bar manhaja ta rubuta sassan ɗaya bayan ɗaya, tana ƙara nata sakan biyu kowane karo. Waƙar farko ta goce da sakan biyu, ta biyu da huɗu, ta uku da shida. Wasan da ke neman kiɗa ta ainihin wurinsa sai ya ɓata hanya. Maganin shi ne a rubuta faifan baki ɗaya a zama guda, a bi CUE yadda yake.

Yau tsofaffin faifan nan suna lalacewa, kuma kwafin da aka yi ba daidai ba shi zai rage wa ƴaƴanmu a matsayin na asali. Na kai faifan aji na ba ɗalibaina lissafin: in waƙa ta goma ta goce da sakan 20, yanki nawa ke nan? Wata yarinya ta riga kowa cewa 1500.