Daga Asibiti Zuwa Intanet: Tarihin Maganin Ciwon Damuwa ga Masu Juna Biyu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda maganin ciwon damuwa ga mata masu juna biyu ya taso har ya kai ga intanet, tare da nuna matsayin harshe a cikinsa.

2.0 Mafari

A shekarar 1858 wani likitan Faransa, Louis-Victor Marcé, ya wallafa littafi a kan taɓin hankalin masu ciki da masu jego da masu shayarwa. Duk da haka, likitoci sun daɗe suna ɗaukar goyon ciki a matsayin kariya daga wannan larura, don haka hankalinsu ya karkata ga jego. Sai a 2013 kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya haɗa damuwar lokacin ciki da ta jego a rukuni guda.

3.0 Magani da Fatar Baki

A shekarun 1960 Aaron Beck na Amurka ya ƙirƙiro hanyar gyara tunanin majinyaci ta tattaunawa. Wannan ta dace da masu ciki, domin da yawansu suna gudun shan ƙwayoyi saboda ɗan tayi. Wani gwaji da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa ma'aikatan lafiya mata a ƙauyukan Rawalpindi ta Pakistan suna iya gudanar da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin koyar da tsarin a 2015. A ɓangaren intanet, wata jami'a a Ostireliya ta buɗe shirin MoodGYM a 2001, sannan a 2017 masu bincike a Suwidin suka nuna cewa irin wannan magani yana sassauta ciwon ga masu ciki.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa maganin ya koma kalmomi zalla. Ga Bahaushiya mai cikin fari, wadda kunya kan hana ta ko ambaton cikin, wayar hannu na iya zama mafita. Sai dai kalmar "damuwa" ta ƙunshi ɓacin rai na yau da kullum da kuma ciwon kansa. Muddin masana harshe ba su bambance su ba, mai ciwon da ke buƙatar likita, haƙuri kawai za a ba ta.