Rini Ko Fenti: Tarihin Gyaran Tsohon Bulo a Ingila

A ranar 2 ga Satumba 1666 gobara ta tashi a gidan wani mai gasa burodi a birnin Landan, ta yi kwana huɗu tana ci. Kafin ta mutu ta cinye gidaje fiye da 13,000 da majami'u 87. Yawancin gidajen na katako ne, saboda haka a 1667 majalisar ƙasar ta kafa doka cewa duk mai son sake gini a cikin birni sai ya yi da dutse ko gasasshen bulo. Dutse yana da tsada, yumɓu kuwa ga shi nan birjik a bayan gari. Ta haka Landan ta zama birnin bulo. Tun daga lokacin masu gidaje suke fama da tambaya guda: idan bango ya tsufa, launinsa ya ɓaci, me za a yi masa?

Bulon wancan zamani da hannu ake buga shi. A kan haɗa yumɓu da alli da tokar da aka kwaso daga gidajen mutane, a shanya, sa'an nan a tsiba shi a fili a cinna wuta. Wanda yake kusa da wuta ya kan yi duhu, na gefe kuwa bai cika gasuwa ba. Don haka a bango ɗaya sai a ga rawaya da ja da ruwan toka, bakin bulon kuma ba daidai ba.

Magina suna da dabarar da suka gada tun kafin gobarar. Su kan dama jar ƙasa a ruwa, su zuba ɗan danƙo da alam, wani lokaci har da tsohuwar giya, su wanke bangon da wannan haɗi. Ruwan yana da tsinkewa ƙwarai, bulo yana shanye shi kamar yadda farin ƙyalle yake shan baba a marina. A fadar Hampton Court, wadda aka soma ginawa wajen 1515, masu bincike sun sami sauran irin wannan jan launi a jikin bango, da fararen layuka da aka ja a kan gaɓoɓin bulon. A ƙarni na 18 dabarar ta ƙara gaba. Attajirai suna iya sayen bulo mai laushi da ake gogewa har ya zauna daram da ɗan siririn kwaɓi. Mai matsakaicin ƙarfi kuwa sai magini ya rina masa bango, ya cike gaɓoɓin da kwaɓi mai launin bulon, sa'an nan ya ɗora siririn zaren farar ƙasa a tsakiya. Daga nesa ba mai iya rarrabe gidajen biyu.

Ya kamata mai karatu ya lura da abin da ya sa wannan aiki bai cuci gini ba. Gasasshen bulo cike yake da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Yana shan ruwan sama, yana kuma jawo laima daga ƙasa, amma da iska ta buga sai ya fitar da ita, kamar yadda randa take naso. Kwaɓin da ake gini da shi a dā, na farar ƙasa da yashi, ya fi bulo taushi, saboda haka yawancin laimar ta cikinsa take fita. Idan wani abu zai lalace, kwaɓin ne, shi kuwa sake shi ba wuya. Rini bai toshe ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba. Ya kan koɗe sannu a hankali, a sake wani.

Abubuwa uku suka ɓata wannan tsari. Na fari hayaƙin kwal ne, wanda ya lulluɓe birane da kunkunniya har rawayan bulo ya koma baƙi ƙirin. Na biyu siminti. A 1824 Joseph Aspdin, wani magini na birnin Leeds, ya yi rajistar simintin Portland, daga baya kuma aka inganta shi har ya ture farar ƙasa. Siminti ya fi tsohon bulo tauri, ba ya kuma barin laima ta wuce. In aka cike gaɓoɓi da shi, dole ruwa ya nemi hanya ta cikin bulon, sai bulon ya riƙa zaizayewa, simintin yana tsaye. Na uku fenti ne, na mai da fari, sa'an nan na roba a ƙarni na 20.

Fenti a kan tsohon bulo kyan ɗan maciji ne. Ba ya shiga ciki, fata yake yi a waje. Ruwa kuwa ba ya rasa mashiga, ko ta tsaguwa, ko ta indararo mai yoyo, ko daga gindin bango. Da ya shiga ba shi da mafita. A lokacin sanyi ya kan daskare, ruwa kuma in ya zama ƙanƙara yana ƙaruwa da wajen kashi 9 cikin 100, sai ya tunkuɗe fuskar bulon ta ɓantare. Gishirin da laima take ɗaukowa daga ƙasa shi ma ya kan taru a bayan fenti ya yi irin wannan ɓarna. Ta ciki kuma ɗaki ya yi laima, katakon da yake jingine da bango ya ruɓe. Bayan 'yan shekaru fentin ya kumbura ya saɓule, a sake shafa wani a kai, cuta tana ƙaruwa a ɓoye.

A 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, bayan sun ga yadda ake kankare tsofaffin majami'u da sunan gyara. Koyarwarsu ita ce a riƙa kula da gini kullum, a toshe yoyo tun yana ƙarami, a gyara abin da ya lalace kaɗai, da irin kayan da aka gina shi da su. Shekara guda bayan haka, a 1878, Adolf Wilhelm Keim a ƙasar Jamus ya yi rajistar wani launi na dabam. Ana haɗa shi da ruwan gilashi, wato yashi da gishirin toka da aka narkar tare. Wannan ruwa yana shiga cikin dutse ko bulo ya haɗe da shi, ya riƙe launin ba tare da ya toshe ƙofofin ba. Zanen da aka yi da shi a 1891 a jikin zauren majalisar garin Schwyz, a Suwizalan, har yanzu yana nan. Waɗansu daga cikin rinin bulo na yau daga wannan tushe suka fito.

Amma Ingila ba ta koyi darasin nan da nan ba. A Disamba 1952 hayaƙi ya haɗu da hazo ya rufe Landan kwana biyar, mutane aƙalla 4,000 suka mutu. A 1956 aka kafa dokar tsabtace iska, sai masu gidaje suka shiga wanke bangayensu. Tsakanin 1960 da 1963 aka yi wa gidan firayim minista, Lamba 10 a Titin Downing, babban gyara a ƙarƙashin mai tsara gini Raymond Erith. Da aka wanke fuskar gidan sai aka tarar bulon rawaya ne, baƙin duka na hayaƙi ne. Amma da yake duniya ta saba ganinsa baƙi, aka sake baƙanta shi da gangan. A nan aka gane cewa launin tsufa ma wani ɓangare ne na tarihin gini.

Waɗansu gidajen ba su yi wannan sa'a ba. A shekarun 1960 da 1970 an yi ta feshin yashi da inji don a cire datti da tsohon fenti. Garin gyaran gira aka rasa ido. Ƙarfin bulo a fatarsa yake, inda wuta ta fi gasawa. Yashi ya kan cinye fatar ya bar tsakiya mai laushi, wadda take shan ruwa fiye da dā. Ba kuwa yadda za a yi a mayar da ita.

Daga waɗannan hasarori aka sami ka'idar da masu gyaran tsofaffin gine-gine suke bi yau. Da fari a nemi inda ruwa yake shiga a toshe. A wanke bango da ruwa marar ƙarfi da buroshi mai laushi. A ƙwaƙule simintin da aka cusa, a mayar da kwaɓin farar ƙasa. Bulon da ya mutu a cire shi ɗaya ɗaya a sa irinsa. Sai a ƙarshe rini yake shigowa, yawanci don sabon bulo ya saje da tsoho. Waɗansu magina har yanzu kunkunniya suke jiƙawa a ruwa don wannan aiki. Kafin a rina a kan yayyafa wa bangon ruwa, in ya shanye zai karɓi rini, in ya gangaro akwai abin da ya toshe shi. A kan kuma gwada a ɗan lungu tukuna, gama rinin ruwan gilashi in ya kama ba ya fita. Ginin da gwamnati ta rubuta cikin na tarihi kuwa, mai shi sai ya nemi izini kafin ya sake masa kama.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne ga maginan Kano da Zariya. Sun san makuba da laso suna tafiya da ginin ƙasa, sun kuma ga yadda shafen siminti yake riƙe ruwa a bayansa har ya ɓalle ya faɗo da naman bango. A ƙasar Hausa ba ƙanƙara, amma akwai laimar damina da gishirin ƙasa. Duk jama'ar da ta gaji tsohuwar majami'a ko makaranta ta gasasshen bulo, in shawarar fenti ta taso, ta fara duba indararo da gindin bango. Gwangwanin fenti ana shafe shi a yini ɗaya, amma cire shi aikin makonni ne, sau da yawa kuma da fatar bulon yake tafiya.