Tarken Rawar da Ba a Kalla Ba: Martani ga Hujjar Arlene Croce

A ƙarshen Disamban 1994, Arlene Croce, matarkiyar rawa ta mujallar The New Yorker, ta buga maƙala a kan Still/Here, rawar da Bill T. Jones ya tsara, ta kuma faɗa ƙarara cewa ba ta kalle ta ba, ba ta ma da niyyar kallo. Ƙurar da ta tashi sananniya ce (dubi martanin da marubuta biyu, Oates da Bhabha, suka yi mata a 1995). Abin da ya tunzura wannan rubutu shi ne ra'ayin da har yanzu ake ji, wai Croce ta yi kuskure da ta ƙi kallo, amma hujjarta tana nan daram. A ganina, ƙin kallon ne ya karya hujjar.

Ga abin da ta dogara da shi. Jones ya shirya tarukan bita a garuruwan Amurka da masu fama da cututtukan ajali irin su ƙanjamau da sankara, ya naɗi muryoyinsu da hotunansu, ya kai dandamali. Shi kansa yana ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, cutar da ta kashe abokin zamansa Arnie Zane a 1988. To, wa zai dubi wanda ke jiran ajali ya ce aikinsa bai yi armashi ba? Tausayi ya ɗaure bakin matarki, aikin ya fi ƙarfin tarke.

Wannan ba zancen banza ba ne, kuma amsar da aka fi ba ta ba ta ƙosar ba. Ana cewa ai rawar bale cike take da mutuwa, ga Giselle ta 1841 tana haukacewa ta faɗi matacciya a ƙarshen kashi na farko. Croce za ta iya cewa mai taka Giselle tana tashi ta rusuna ta karɓi tafi, ciwon marasa lafiyan da Jones ya naɗa kuwa ba ya sauka da labule. Nan kam ba a kayar da ita ba.

Sai dai su wa suka yi rawar? Ƙwararrun ƙungiyar Jones ne. Marasa lafiyan a allunan bidiyon Gretchen Bender suka bayyana, kalamansu kuma Kenneth Frazelle da Vernon Reid suka sarrafa su cikin kiɗa da waƙa. Motsin da mara lafiya ya yi a wurin bita don nuna halin da yake ciki, ɗaga hannu ne ko sunkuyar da kai, sai mai rawa ya ɗauka ya faɗaɗa shi, ya maimaita, ya haɗa da na wani. Kowane mataki a nan zaɓi ne: me aka yanke, me aka tsawaita, yaushe hoto ya danne jikin mai rawa. Duk inda akwai zaɓi kuwa, akwai abin tarke. Abin mamaki, Croce, wadda ta shafe shekaru tana nuna wa masu karatu ƙirar motsi a ayyukan mai tsara rawa Balanchine, ita ce wataƙila ta fi kowa iya wannan aiki.

Ya kamata in taƙaita da'awata ga abin da shaida za ta iya ɗauka. Ban ce Still/Here gagarabadau ce ba, ban kuma musa cewa wasu ayyukan kan ɓuya a bayan tausayi ba. Abin da nake cewa kawai, ko wannan rawa ta yi hakan ko ba ta yi ba, a zauren kallo ake yanke shi, gani ya kori ji. An nuna ta a Liyon ta Faransa, an nuna ta a Brooklyn Academy of Music da ke Niyok, wasu matarka sun je sun auna ta sun rubuta, tausayi bai hana alƙalaminsu motsi ba.

Maƙalar Croce tana da gurbi a tarihin jayayyar al'adu ta Amurka. A tarken Still/Here kuwa, ba ta da shi.