Asalin Mashigar Lissafa Tambarin Saƙo a Taskar OpenSSL

Tun daga ranar 7 ga Satumba 2021, lokacin da aka fitar da OpenSSL 3.0, muhawara ba ta lafa ba tsakanin masu rubuta manhajar kwamfuta a kan hukuncin da masu kula da wannan taska suka yanke, na ayyana tsofaffin umarnai irin su MD5_Init da SHA256_Update a matsayin abubuwan da ake shirin jinginewa, tare da karkatar da kowa zuwa ga mashiga guda mai suna EVP. Taskar manhaja tarin ayyuka ce da aka riga aka rubuta domin sauran manhajoji su riƙa kira suna amfani da su, mashiga kuwa ita ce jerin sunaye da ƙa'idojin da ake bi wajen yin wannan kira. Muhawarar ta ƙara zafi bayan 11 ga Satumba 2023, ranar da aka daina kula da OpenSSL 1.1.1 a fili, domin daga nan waɗanda suka ƙi motsawa suka rasa mafaka. Masu ƙorafi suna cewa sabuwar hanyar ta fi tsawo wajen rubutu kuma ta fi nawa wajen aiki, sai dai wanda ya bibiyi yadda abin ya faro zai ga cewa hukuncin ya samo tushe ne daga darasin da aka sha wuya kafin a koya.

Tambarin saƙo wata gajeriyar lamba ce mai tsayayyen tsawo wadda ake samarwa daga bayani kowane iri, ko harafi ɗaya ne ko fim mai tsawon sa'o'i, ta hanyar wata dabarar lissafi da ba ta juyuwa baya. Dabarar SHA-256, alal misali, kullum tana fitar da bit 256, wato bayit 32, kuma sauya bit ɗaya tak a cikin saƙon yana birkita tambarin gaba ɗaya. Abin da ake buƙata daga irin wannan dabara shi ne ya zama ba zai yiwu a aikace a gano saƙo daga tambarinsa ba, kuma ba zai yiwu a samo saƙonni biyu mabambanta masu tambari ɗaya ba, wanda shi ne abin da masana suke kira karo. A kan wannan sharaɗi aka gina sa hannu na lantarki, da takardun shaidar shafukan intanet, da tantance cewa manhajar da aka sauke ba a taɓa ta a hanya ba.

Farkon lamarin ba ya buƙatar dogon bayani. A shekarar 1953 Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya kawo tunanin mayar da dogon bayani gajeriyar lamba domin saurin bincike, ba tare da wani nufi na tsaro ba. Bayan Whitfield Diffie da Martin Hellman sun buɗe fagen sirranta bayani da mabuɗin fili a 1976, sai buƙatar tambari mai ƙarfi ta bayyana, domin sa hannu a kan dogon saƙo kai tsaye yana cin lokaci. Ralph Merkle ya bayyana wani tsari a kundin digirinsa na uku a 1979, sannan a 1989 shi da Ivan Damgård, kowa ta nasa ɓangaren, suka tabbatar da ingancin tsarin da yau yake ɗauke da sunayensu.

A cikin wannan tsari na Merkle da Damgård ne asalin siffar mashigar yake. Ana yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bayit 64 a dabarun MD5 da SHA-1 da SHA-256, a cakuɗa ta farko da wata ƙayyadaddiyar lambar farawa, a cakuɗa ta biyu da sakamakon ta farko, haka har ƙarshe, inda ake cike gurbin da ya rage a kuma liƙa tsawon saƙon. Tun da dabarar ba ta buƙatar ganin saƙon duka a lokaci ɗaya, manhaja tana iya lissafa tambarin fayil ɗin da ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko bayanin da yake isowa kaɗan-kaɗan ta hanyar sadarwa. Saboda haka da Ronald Rivest na jami'ar MIT ya wallafa MD5 a takardar RFC 1321 a watan Afrilun 1992, ya haɗa da misalin manhaja a yaren C mai umarnai uku, MD5Init na share fage, MD5Update na zuba bayani sau nawa aka ga dama, da MD5Final na rufewa da karɓar tambari. Waɗannan matakai uku su ne suka bazu ko'ina: suna cikin ƙa'idar PKCS #11 ta na'urorin ajiye mabuɗi, suna cikin MessageDigest na yaren Java tun 1997, kuma suna nan daram a OpenSSL har yau.

Ita OpenSSL ta gaji tsarinta ne daga SSLeay, taskar da Eric Young da Tim Hudson suka fara a Ostareliya a 1995, kafin wasu su ɗora a kanta su kafa OpenSSL a watan Disambar 1998. Tun zamanin SSLeay taskar tana da hawa biyu. A hawan ƙasa kowace dabara tana da nata umarnai da nata ma'ajin hali, ta yadda wanda ya rubuta MD5_Init ya ɗaure manhajarsa da MD5 ɗaurin da ba ya kwantuwa sai an sake rubutu. A hawan sama kuwa akwai EVP, sunan da aka gutsuro daga kalmar Ingilishi mai nufin ambulan, inda aka raba abu biyu: EVP_MD, wanda yake wakiltar dabarar da aka zaɓa, da EVP_MD_CTX, wanda yake riƙe da halin da lissafi yake ciki. Mai manhaja yana miƙa dabarar ga EVP_DigestInit_ex, ya zuba bayani ta EVP_DigestUpdate, ya karɓi sakamako daga EVP_DigestFinal_ex, kuma waɗannan layuka ba sa sauyawa ko wace dabara aka miƙa. Buƙatar wannan hawa a bayyane take, domin takardar shaida ita ce take faɗin dabarar da aka sa mata hannu da ita, don haka dole manhajar da take tantancewa ta iya zaɓar dabara a lokacin aiki.

Abin da ya mayar da wannan sauƙi ya zama larura shi ne yadda dabarun suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Hukumar NIST ta Amurka ta fitar da SHA ta farko a 1993, ta kuma maye gurbinta da SHA-1 a 1995 saboda wani rauni. A 1996 Hans Dobbertin na Jamus ya wallafa karo a dabarar MD4. A watan Agustan 2004 Wang Xiaoyun ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka nuna karo na zahiri a MD5, a shekarar da ta biyo baya kuma suka nuna cewa SHA-1 ba ta kai ƙarfin da ake zato ba. Da yawa sun ɗauki wannan a matsayin harkar masana lissafi kawai, har sai da wasu masu bincike suka hallara a Balin a watan Disambar 2008 suka nuna jabun takardar shaidar da suka ƙirƙira da na'urorin wasa na PlayStation 3 kimanin 200, takardar da manhajojin shiga intanet za su karɓa a matsayin sahihiya. A 2012 aka gano muguwar manhajar Flame, wadda ta yi amfani da karon MD5 ta yi shigar burtu a matsayin manhajar da Microsoft ta sa wa hannu. A ranar 23 ga Fabrairu 2017 kuma cibiyar CWI ta Amsterdam da kamfanin Google suka fitar da fayilolin PDF biyu mabambanta masu tambarin SHA-1 iri ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya tilasta ƙaura, kuma wanda ya bi ta hawan sama ya sauya suna ɗaya ne, wanda ya bi ta hawan ƙasa kuwa sai da ya bi manhajarsa layi-layi.

Akwai masu bayar da wani dalili dabam. Wasu suna cewa ƙa'idar FIPS 140 ta gwamnatin Amurka ce ta jawo hukuncin 2021, domin samun shaidarta yana buƙatar a killace lissafin sirri a ɓangare guda da za a iya bincika. Wasu kuma suna danganta abin da na'urorin saurin lissafi, waɗanda aka buɗe musu hanya ta tsarin ENGINE, tun da umarnin hawan ƙasa ba ya bi ta kansu. Dalilan biyu gaskiya ne, kuma sun yi tasiri a kan lokacin da aka yanke hukuncin, amma ba su isa su bayyana yadda wasu al'ummomin masu manhaja suka isa matsaya ɗaya ba. Yaren Python ya kawo hashlib a 2006, shekara biyu bayan faɗuwar MD5, ya kuma cire tsofaffin sassan md5 da sha a Python 3 a 2008. Manhajar Git kuwa, wadda aka gina a 2005 bisa zaton cewa kowane tambari bayit 20 ne na SHA-1, sai a watan Oktoban 2020 ta iya kawo SHA-256, shi ma a matsayin gwaji. Wannan wahala ta Git ita ce hujja mafi ƙarfi a kan cewa tsufan dabaru shi ne tushen lamarin, sauran dalilai rassa ne.

Gwajin da ya tabbatar da ingancin mashigar ya zo ne da SHA-3. NIST ta buɗe gasa a 2007, aka gabatar da dabaru 64, sannan a watan Oktoban 2012 aka zaɓi Keccak, aikin Guido Bertoni da Joan Daemen da Michaël Peeters da Gilles Van Assche, aka kuma tabbatar da ita a ƙa'idar FIPS 202 a 2015. Keccak ba ta bin tsarin Merkle da Damgård, tana aiki ne kamar soso, ta tsotse bayani sannan a matse sakamako. Duk da haka, da OpenSSL 1.1.1 ta kawo ta a watan Satumbar 2018, ta shigo ne ta EVP, kuma matakai ukun nan sun ɗauke ta ba tare da gyara ba, in ban da ƙarin umarnin EVP_DigestFinalXOF domin SHAKE128 da SHAKE256, waɗanda mai manhaja ne yake zaɓar tsawon sakamakonsu. Kafin nan, a 2016, OpenSSL 1.1.0 ta riga ta ɓoye cikin EVP_MD_CTX, ta wajabta samar da shi ta EVP_MD_CTX_new da sakinsa ta EVP_MD_CTX_free.

OpenSSL 3.0 ta kammala tafiyar ne da tsarin masu samarwa, wato rukunonin dabaru da ake ɗorawa ko saukewa, inda aka kai MD4 da Whirlpool rukunin tsofaffi da ba ya buɗuwa sai an nema. Ƙorafin cewa sabuwar hanyar tana da nawa wajen aiki yana da gaskiya a cikinsa, domin idan manhaja ba ta nemo dabarar da kanta ba, taskar tana sake laluben ta a tsakanin rukunoni a kowane farawa, abin da yake nauyi ga mai lissafa dubban ƙananan tambura. Maganin da masu taskar suka bayar shi ne a nemo dabarar sau ɗaya ta EVP_MD_fetch a riƙa maimaita amfani da ita, kuma wannan ɗawainiya ƙarama ce idan aka auna ta da sake rubuta manhaja a tsakiyar rikicin tsaro.

Hukuncin 2021 daidai ne, ko da an yi jinkirin yanke shi. A watan Disambar 2022 NIST ta sanar da cewa za a kammala janye SHA-1 kafin ƙarshen ranar 31 ga Disamba 2030, kuma duk mai manhajar da har yanzu sunan dabara yake warwatse a cikin rubutunsa ya kamata ya tattara shi wuri guda tun wa'adin bai cika ba.