Waye Ya Riƙe Burtali a Ƙasar Garki?

A ƙasar Garki, kamar sauran ƙasashen da ke arewa maso gabashin Kano, burtali ya girmi kwalta, ya kuma girmi titin jirgin ƙasa. Shi ne hanyar da ake bari tsakanin gonaki domin dabbobi su fita kiwo, su je mashaya, su komo ba tare da sun yi ɓarna ba. Akwai ƙananan da suka haɗa ƙauye da makiyayarsa, akwai kuma manya waɗanda garkunan shanu ke bi daga wajen Damagaram su yi kudu idan rani ya kama, su koma arewa da faɗuwar damina. Abin lura shi ne, wannan doguwar hanya ba ma'aikaci mai albashi ne ya riƙe ta ba. Mutanen da ke gefenta ne suka riƙe ta.

Manomin da gonarsa ta yi iyaka da burtali shi ke dasa aguwa ko bini-da-zugu ko dashi a bakinsa, itatuwan da ake kafa reshensu ya kama, dabba kuma ba ta cika damuwa da su ba. Kafin shuka, mai unguwa kan sa a yi shelar gayya, matasa su fito da gatari da fartanya, a sassabe ƙayar da ta toshe hanya, a cike inda ruwa ya zaizaye, a toshe giɓin shinge. Ladan aikin bai wuce kunu ko fura ba. Idan wani ya ci iyaka, dagaci da arɗo da dattawa ne ke takawa da ƙafa su nuna masa inda kakansa ya tsaya.

Kada a ɗauka tsantsar kirki ce ta jawo wannan hidima. Ƙasar Garki jigawa ce, yashi ne da ba ya ba da gero sai da taki. Manomi na bukatar Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki. Wanda ya toshe burtali ya toshe wa gonarsa abinci.

Wannan ma'auni ya fara karkacewa a zamanin Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka miƙa shi ta Ringim har Nguru a 1930, gyaɗa ta yi kuɗi, gonaki suka yi ta faɗaɗa. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyayai a 1965, amma takarda ba ta dasa aguwa. Sannan sauye-sauye suka zo a jere. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon hakimai da dagatai, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna da ƙaramar hukuma, ga kuma takin zamani mai rahusa da ya sa manomi ya ga kamar zai iya noma ba da saniya ba. A ganina wannan na ƙarshe ya fi sauran illa, domin shi ne ya cire wa gayyar dalilinta. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara turo garkuna daga arewa, a daidai lokacin da hanyoyin ke tsukewa.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Garki ta koma ƙarƙashin masarautar Ringim. A zamanin Gwamna Sule Lamido, 2007 zuwa 2015, an ɗauki lamarin da muhimmanci: aka shata makiyayai da burtulla, aka kafa alamun siminti, aka gina wuraren shan ruwa. Aiki ne abin yabo, ya kuma rage tashin hankali. Sai dai turken siminti iyaka kawai yake nunawa. Ba ya sare ƙaya, ba ya hana garma.

Burtali ba ya ɓacewa rana guda. Bana a ƙara kunya ɗaya, baɗi a ƙara wata, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma wadda shanu biyu ba sa jerawa. Jami'in da ke Dutse ba zai ga kunyar farko ba. Maƙwabci ne ke ganinta, da mai unguwa, da yaron da ke kora awaki kowace safiya.