Lauje a Cikin Jini

Makon jiya aka haɗa ni da 'yan aji ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje, irin aikin nan da ake jibga wa 'yan mastas. Darasin ƙwayar halitta ne. Kowa ya zana da'ira ya ja kibiyoyi: ga tantanin da ya kewaye ta, ga cibiya mai riƙe da bayanan gado, ga mitokondiriya mai samar da ƙarfi, ga ribosom masu haɗa furotin. Sai wata yarinya ta ce, "Malam, don Allah ban da jarrabawa, me wannan zai yi min?" Na ba ta wata amsa ta malamai wadda ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Ga amsar gaskiyar, tana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Goggona a Suleja ta haifi bakwai, uku ba su kai shekara biyar ba. Duk hanya ɗaya suka bi: hannu da ƙafa su kumbura tun yaro na rarrafe, ido ya yi rawaya, kuka ba dare ba rana, damina ta zo da zazzaɓi ta tafi da shi. Aka ce wabi take yi. An sha rubutu, an yi turare, har ɗaya aka riƙa kiransa Ajuji don mutuwa ta raina shi ta ƙyale shi. Sai da autanta ya kwanta aka gwada jininsa, aka ce SS ne. Ita da mijinta duk AS. Ba wai duk wabi sikila ba ne, ƙyanda da gudawa sun kashe nasu. Amma na Goggo, labarin yana cikin ƙwaya guda ɗaya.

Jar ƙwayar jini ta saɓa wa zanen nan da muka haddace. A cikin ɓargo ake yin ta, kusan miliyan biyu a kowace daƙiƙa, kuma kafin ta gama nuna sai ta yar da cibiyarta, ta yar da mitokondiriya da ribosom. Abin da ya rage jaka ce kawai cike da himogulobin, furotin ɗin da ke ɗauko iskar oksijin daga huhu. Siffarta kamar ƙosan da aka danna tsakiyarsa da yatsa ta gefe biyu. Faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne, amma dole ta ratsa jijiyoyin da ba su kai ta faɗi ba, don haka duk sana'arta ta dogara ga laushi: ta lanƙwashe ta wuce, ta dawo yadda take. Tun da ba ta da cibiya, ba ta iya gyara kanta. Ta yi kwana 120, saifa ta tsince ta.

A jikin mai SS, da zarar himogulobin ya sauke oksijin sai ya manne da juna ya zama dogayen sanduna. Jakar ta sandare, ta lanƙwashe kamar lauje. Ta maƙale a ƙaramar jijiya, jini ya tsaya, ciwon nan ya taso wanda masu shi ke cewa kamar ana sara ƙashi. Kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, shi ya sa jini ba ya isa, kuma ragowar matattun ƙwayoyin ne ke rina ido. Saifa kuma tana lalacewa tun yaro na ƙarami, sai ƙaramar cuta ta kayar da shi. Duk abin da Goggo ta gani da idonta ke nan.

Ta yaya aka gano? Robert Hooke ya ga 'yan ɗakuna a ɓawon itace a 1665, sunan ƙwayar halitta a Turanci ma daga nan ya samo asali. Wannan kowa ya haddace. Wanda ba a koya mana shi ne Walter Clement Noel, ɗalibi kamarmu, baƙar fata daga tsibirin Giranada, da ya je Chikago karatun likitan haƙori a 1904. Ya kwanta asibiti, wani ƙaramin likita Ernest Irons ya duba jininsa a madubin likita ya ga ƙwayoyi masu siffar lauje. Maigidansa James Herrick ya wallafa rahoton a 1910, kuma sunan maigidan ne ya shiga littafi ('yan mastas, kun san zancen). Noel ya gama karatunsa duk da ciwon, ya koma gida ya yi aiki, ya rasu a 1916 yana da shekara 32.

Kar a ce daga nan cutar ta fara. Likitan Ghana Felix Konotey-Ahulu ya bi sawunta a danginsa har zuwa wajen 1670. Mu ma muna da sunanmu, amosanin jini. Abin da madubi ya ƙara shi ne dalili. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna himogulobin ɗin ne ya bambanta. A 1956 Vernon Ingram a Kambirij ya taƙaita wurin, har aka tabbatar cewa a sarƙar da ke da ƙulli 146, ƙulli na shida kaɗai ne aka musanya. Ɗaya tak.

To me ya sa abin da ke kashe yara bai ƙare ba, sai ma ya yi yawa a wajenmu? Anthony Allison ya kawo amsar daga Gabashin Afirka a 1954: ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jar ƙwayar jini take zama ta hayayyafa, kuma ba ta jin daɗin gidan mai AS. Ɗaya daga cikin manyan hujjojin wannan magana a ƙasarmu aka samo shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi babban binciken maleriya a ƙauyukan Garki, lokacin tana jihar Kano, yanzu Jigawa. Alan Fleming, wanda ya koyar da ilimin jini a Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon jinin mutanen a 1979. Kusan biyu cikin ɗari na jarirai SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. Masu AS kuwa, kusan 24 cikin ɗari ne a jarirai, suka haura kusan 29 bayan shekara biyar. Ba ƙaruwa suka yi ba fa. Sauro ne ya fi kwashe 'yan AA.

Wannan lissafin ya daɗe yana damuna. Ashe AS ɗin da wasu ke ɓoyewa kamar abin kunya, shi ya raya kakanninmu a daminar da ta cinye 'yan uwansu. Kuma shi ne dai ya binne wa Goggo uku.

Yau SS ba hukuncin kisa ba ne. Da rigakafi, da gidan sauro, da fenisilin tun yaro na ƙarami, da maganin haidiroksiyuriya, ana girma, ana digiri. Autan Goggo yana aji uku a kwaleji. Amma kuɗi da wahalar sai wanda ya yi jinya. Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, sai dai a ganina gwajin da aka yi bayan an sa rana ya makara, lokacin ne ake fara neman wanda zai canza takarda. Kuma a daina cewa "ɗaya cikin huɗu ne kawai". Kowane ciki da nasa lissafin, ba layi ake bi ba.

Ni AS ne. Na sani tun gwajin rajistar aji ɗaya, na cusa takardar a fayil na manta da ita shekara takwas. Sai da manya suka fara maganar zuwa gaisuwa gidan su wadda nake nema na tuna. Na faɗa mata, ta yi shiru, ta ce ita ba ta taɓa gwadawa ba. Jiya ta ba da jini. Ranar Litinin za mu karɓi sakamako.