A-kori-kura

A-kori-kura mota ce mai gidan direba a gaba da buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya. A kudancin jihar Kano, wato Ƙafin Maiyaki da ƙauyukan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, ita ce ke kwaso masara da shinkafa da dawa daga gonakin da babbar mota ba ta iya shiga, ta kai su kasuwa ko bakin titi, inda ake yi wa manyan motoci lodi zuwa Dawanau da sauran wurare. Ranar kasuwa har mutane da awaki take ɗauka a kan buhuna. Mafi yawan waɗannan motoci na hannu ne da aka shigo da su daga waje, shi ya sa farashinsu ke bin abin da ke faruwa a kasuwannin ƙetare.

Tarihi

Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, kuma a-kori-kura samfurin 404 da 504 sun daɗe suna riƙe da hanyoyin karkara a Arewa, saboda kowane makanike ya san cikinsu. Bayan an daina haɗa 504, sai motocin Japan suka gaje wurin. Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ta fi yawa a hannun hukumomi da jami'an tsaro da masu hali. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ya fi komawa ga ƙananan motoci irin su Daihatsu Hijet da Suzuki Carry, waɗanda ba su da shan mai, ga kayan gyaransu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Kamfanin Innoson na Nnewi ma yana haɗa a-kori-kura a cikin gida.

Ƙarancin motoci da tsada

A lokacin annobar korona, daga 2020, duniya ta shiga ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake kira cif, waɗanda motar zamani ba ta tashi sai da su. A Amurka, inda a-kori-kurar Ford samfurin F ta fi kowace irinta ciniki tun 1977, kamfanin ya jibge dubban motoci a wani filin tsere a jihar Kentucky a 2021, an gama haɗa su amma suna jiran cif. Da sabuwar mota ta yi wuyar samu, masu tsofaffi suka riƙe nasu, farashin na hannu ya tashi. Daga cikin na hannun nan ne dillalan Najeriya ke saro nasu.

Matsalolin gida sun ƙara nauyi. Tun watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, abin da ya taɓa tsohuwar hanyar Kwatano. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Dala da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. Ga mai mota, wannan na nufin ci gaba da lallaɓa tsohuwa a gareji. Ga manomi kuwa, ƙarin kuɗin dakon kowane buhu ne, wanda ake cirewa daga ribarsa.

Motoci masu aiki da lantarki

Kamfanin Rivian ya fara miƙa wa masu saye a-kori-kura mai batir a 2021, Ford ya biyo da F-150 Lightning a 2022, sai Cybertruck ta Tesla a ƙarshen 2023. Cinikin bai kai yadda aka yi zato ba, har Ford ya rage yawan da yake ƙerawa a 2024. Tsada na cikin dalilai, haka kuma nauyin kaya yana rage nisan da batir zai kai.

A Najeriya, hukumar NADDC ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu aiki da batir. Gwamnatin tarayya ita kuma ta fi karkata ga iskar gas ta CNG tun 2023.

Babban cikas a kudancin Kano shi ne wuta. Ƙaramin batirin F-150 Lightning yana cin awon kilowat 98, wato janareta mai ba da kilowat 2 sai ya yi kwana biyu cur yana aiki kafin ya cika shi. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun haura mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Akwai kuma batun gyara, domin makanikan yankin inji suka koya, ba batir ba. Sai dai tunda kasuwar ta dogara da motocin hannu, abin da ake saye sabo a ƙetare yau shi ne zai riƙa isowa wurin dillalan Kano bayan wasu shekaru, da batirin da ya riga ya tsufa.